Gwajin karatu na EGRA: yaya ake shirya ɗan aji biyu a gida?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. An ce za a zo makarantar yaranmu a yi wa 'yan aji biyu gwajin karatu da Hausa, wai EGRA. Me ake tambaya a ciki? Ko a sa yaro ya haddace littafinsa?

Malamin Aji Biyu: Wa alaikumus salam, Hajiya. Hadda ba za ta yi aiki ba, domin labarin da za a ba shi bai taɓa gani ba. Gwaji ne na baka, yaro ɗaya da mai gwaji ɗaya, kamar minti 15. Cibiyar bincike ta RTI da ke Amurka ce ta tsara shi a 2006 da kuɗin USAID, hukumar tallafin raya ƙasashe ta Amurka, an kuma yi amfani da shi da Hausa a Bauchi da Sakkwato. Ana ba yaro takarda mai haruffa 100, layi goma-goma, ya faɗi sautinsu cikin daƙiƙa 60. Sai kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana, irin su "tefo", don a gane mai haɗa gaɓa da mai canka. Sannan gajeren labari na minti ɗaya da tambayoyi kamar biyar. Idan ya yi shiru daƙiƙa uku a kan harafi, za a ce ya wuce gaba. Idan kuwa ya kuskure layin farko gaba ɗaya, an rufe wannan sashen.

Mai Duba Makarantu: Wani wurin da yara kan zubar da maki shi ne faɗin sunan harafi da Turanci. Ya ga "c" ya ce "si", alhali sautin farkon "ciki" ake nema. Sai masu ƙugiya: ki rubuta masa baki da baƙi, kafa da ƙafa, ya karanta ya kuma faɗi ma'anar kowanne. Kada ki manta da sh da ts. Haruffa biyu ne a ido, sauti ɗaya a baki.

Malama Mai Koyar da Karatu: Yaya, minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Minti uku na gaɓoɓi (ba, bi, bu, ɓa, ɓi, ɓu), ki riƙa cakuɗa su, in ba haka ba waƙa zai mayar da su. Daga nan ki kunna agogon waya, ya karanta sabon labari minti ɗaya yana bin layi da yatsa. Ki ƙirga kalmomin da ya kai, ki cire waɗanda ya kuskure, ki rubuta adadin a bangon littafi duk Juma'a. Sai ki karɓe takardar ki tambaye shi: wa ya yi, a ina, me ya sa? Mai gudu bai fahimta ba a nan ake kama shi.

Malamin Aji Biyu: Kuma ki kwantar da hankalinki, yawanci yara kaɗan ake ɗiba a aji, makarantar ake aunawa, ba a maimaita wa yaro aji saboda shi. Abin da za ki koya masa shi ne ɗaga murya gaban baƙo, don mai gwaji ba ya ba da maki a kan abin da bai ji ba.