Ƙara biyu a bayan 504 ɗin da na gada, na canza shokozoba ba su daina ba

Ɗan Tukur-Tukur:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san Peugeot 504, doguwar nan mai kujera layi uku. Ta mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa, haɗin Kaduna, ta 1984. Tun rasuwarsa take hannuna, kuma ba ni da niyyar rabuwa da ita ko nawa aka taya. Inji lafiya lau, giya ma haka. Abin da ya hana ni sakat a baya yake.

Ƙarar iri biyu ce. Ta farko bugu ne, gwaf guda mai nauyi, idan ƙafa ɗaya ta faɗa rami, ko idan na sauka daga kwalta zan shiga layinmu a karkace. In na hau tudun rage gudu a miƙe, ƙafafun baya biyu tare, da ƙyar nake jin sa. Ta biyu ƙugi ne. A cikin gari ba ya fitowa, sai na wuce Kwangila na kama hanyar Samaru zuwa Shika, allura ta kai 60, sai ya taso kamar injin niƙa daga nesa, yana ƙaruwa da gudu.

An canza mini shokozoba biyu na baya. Rawar da take yi ta ragu, amma bugun yana nan daram. Yanzu makanikena ya ce a je kasuwar Panteka ta Kaduna a ɗauko aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya biyu, gaba ɗaya a ɗora. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma zuciyata ba ta kwanta da a jefar da aksil ɗin da motar ta fito da shi ba tare da an nuna mini abin da ya lalace ba. Ta ina zan fara?

Baba Direba:

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifi. Ɗana, kada ka bari a taɓa aksil ɗin nan tukuna. Irin motarka na ja a layin Zariya zuwa Funtua da Gusau tun kafin a haife ka, kuma ƙugi daga baya abu uku ke kawo shi: boris ɗin ƙafa, wato zoben ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kansa, haƙoran cikin aksil, ko taya. Kowanne da halinsa, a kan titi ake rarrabe su ba a gareji ba.

Ka fita da sassafe bayan asuba, lokacin da hanyar Shika ba kowa. Ka ɗauki mutum ɗaya mai kunne ka zaunar da shi a kujerar can baya, don kai da ke kan sitiyari duk ƙarar baya daga tsakiya za ka ji ta. Ka kai ta gudun da ƙugin ke fitowa, ka riƙe ta a nan. Sai ka ɗaga ƙafa daga totur, ka sake takawa, ka sake ɗagawa. Idan muryar ta canza, wato tana kuka in ka taka ta yi shiru in ka saki, ko akasin haka, to haƙoran aksil ne ko boris ɗin da ke cikinsa. Idan kuwa ba ruwanta da totur, ko ka sa ta a firi tana gangarawa ƙugin yana nan yadda yake, ka bar zancen haƙora.

Daga nan ka ɗan kaɗa sitiyari hagu da dama a hankali, in ka tabbata ba mota gaba ba mota baya. Idan ka karkata hagu, nauyin mota kan ƙafafun dama yake komawa. In ƙugin ya ƙaru a lokacin, boris ɗin dama ne ke kuka. In sai ka karkata dama yake ƙaruwa, na hagu ne. Na taya kuma da kwalta yake tafiya: ka hau sabuwa mai santsi ya lafa, ka koma tsohuwa mai tsakuwa ya dawo.

Da ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi sosai akwai magana a cikinta, ko boris ko birki mai kamawa.

Oga Makanike Sabon Gari:

Baba ya gama magana a kan ƙugi, Allah Ya ƙara girma. Ni bari in ɗauki bugun.

Alhaji, bayanin da ka yi ya riga ya nuna hanya. Ka ce in ƙafafu biyu suka hau tare ba ya bugawa, sai in ɗaya ta faɗa ko ka shiga a karkace. Shokozoba da ya mutu ko robarsa ta cinye ba ya zaɓen haka, ko a miƙe ka hau tudu zai buga. Abin da ke bugawa idan mota ta karkata gefe shi ne abin da ke riƙe ta ta gefe.

Doguwar 504 aksil ɗinta guda ne, sandararre, yana zaune a kan sifirin mai naɗi guda huɗu, biyu kowane gefe, shi ya sa take ɗaukar kayan da take ɗauka. Farfela, wato sandan da ke kai juyin inji daga giya zuwa aksil, tana cikin wani bututun ƙarfe da ya taso daga bayan giya ya haɗe da aksil, shi ke riƙe shi gaba da baya. Sifirin mai naɗi kuwa ba ya iya hana aksil zamewa hagu ko dama, don haka aka gitta wani sandan ƙarfe a baya, kai ɗaya a jikin bodi, ɗayan a jikin aksil, kowane kai da bushin na roba. Idan bushin ɗin nan ya mutu, ƙarfe ke dukan ƙarfe duk sanda bodi ya yi gefe. Sau da yawa direba kan ji kamar bayan motar yana ɗan wutsil-wutsil a kwana.

Gwajin ba ya buƙatar jak. Ka ajiye ta a wuri mai daidai, ka sa giya, ka sa duwatsu a ƙafafun gaba. Mutum biyu su dafa gefen motar ta baya su riƙa tura ta gefe suna saki, kai ka durƙusa da tocila kana kallon kawunan sandan. Roba mai rai za ta ɗan lotsa ta dawo. Matacciya za ka ga sandan yana tsalle a kan kusarsa, ka ji gwaf ɗin naka da kunnenka. Ka duba kunnen ƙarfen da ke jikin bodi ma, a tsofaffin motoci yakan tsage ta wajen walda.

Tunda kana wurin, ka leƙa ƙasan kowane sifirin ko bakin naɗin ya karye, ka girgiza salansa ka ga ko robobin ratayarta sun saki tana taɓa aksil. In kuma kana jin irin bugun lokacin da ka saki kuloci za ka tashi, wannan wata magana ce, ta wajen mahaɗar farfela da giya.

504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, aka fara haɗa Peugeot a Kakuri a 1975, kuma a shekarar ne 504 ta ci tseren Safari a Kenya. Ba don kwalta mai laushi aka yi ta ba. Aksil ɗinta ba ya mutuwa haka kawai sai an bar shi ba mai.

Malama Samaru:

Yayana, ni gajerar 504 gare ni, kuma tawa ƙafafun bayanta kowace da hannunta, ba aksil guda ba, don haka ba zan sa baki a maganar Oga ba. Amma ka duba safayar taya. A ƙarƙashin bayan motar take rataye cikin kejin ƙarfe, in ya saki tana buga bodi a kowane rami. Na sha wahalar wannan, tsohon tiyub aka yanka aka cusa, magana ta ƙare.

Ka kuma shafa tafin hannunka a kan tayoyin baya ka ji ko sun ci tudu da kwari. Shokozoba da ya daɗe da mutuwa haka yake yi wa taya, kuma ko an sa sabo, tayar za ta ci gaba da ƙugi. Ka sa mai faci ya mayar da na baya gaba, in ƙarar ta biyo su ka san mai laifi. A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Motar da ba ta yawan fita, zanen tayarta kan yi kyau alhali robar ta bushe.

Na Ƙofar Doka:

Ni dai ina ganin makanikenka bai yi kuskure ba. Motar da ta haura shekara 40, ka gyara wannan gobe wancan ya taso. A ɗora wani aksil a huta.

Oga Makanike Sabon Gari:

Malam, wanda za a ɗauko ɗin ma ai sa'an wannan ne, kuma ba wanda ya san ko ya taɓa tafiya ba mai. Sannan sandan da nake zargi ba ya zuwa da sabon bushin don an canza aksil. Zai biya kuɗi mai yawa ya dawo da bugunsa.

Ɗan Tukur-Tukur:

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na yi yadda kuka ce, ƙanena a kujerar baya.

Ƙugin bai damu da totur ba ko kaɗan, a firi ma yana nan. Da na karkata hagu ya ƙaru, ƙanena ya ce daga ƙarƙashin damansa yake fitowa. Mun juya tayoyin, bai bi su ba.

Da aka tura motar gefe, na ga sandan da idona yana motsi a kan kusar da ke wajen bodi. Robar ta tsattsage ta yi baƙi, na sa farce wani ɓangare ya ɓantaro ya faɗo a tafin hannuna, busasshe ƙamas. Kejin safaya a ɗaure yake, Malama.

Sai dai na ga wani abu da ban tambaya ba. Bayan ƙafar dama, farantin da ke rufe birki ya jiƙe da mai mai kauri, ƙura ta manne masa, yana warin man giya. Na hagu a bushe yake. Oga, wannan fa?

Oga Makanike Sabon Gari:

Sil ɗin ƙafar ne ya saki, Alhaji, wato robar da ke hana man aksil fita, kuma da boris ɗin suke tafiya: boris ya yi lako-lako, shaf, wato sandan da ke juya ƙafar, ya riƙa rawa, ya cinye bakin sil. Wannan ya fi bugun gaggawa, domin man yana shiga cikin birki. Kada ka hau babban titi da ita sai an gyara.

A zare shaf ɗin dama, a canza boris da sil tare. Boris ɗin matse yake a jikin shaf, a kai wurin masu injin matsi, kada ka yarda a sa masa guduma. Takalman birkin da suka sha mai ba sa wankuwa da fetur, kuma kada a ƙona su da wuta a ce sun bushe. A canza na ƙafafun biyu, in ba haka ba za ta riƙa ja gefe ɗaya in ka taka birki. A juye man aksil a cikin kwano mai tsabta ka duba shi a rana: in ba ƙyalƙyalin garin ƙarfe, haƙoranka lafiya suke, a zuba sabon man giya mai lamba 90 har ya kai bakin ramin zubawa.

Bushin kuma a canza na kawunan biyu, kuma kada a ƙarasa ɗaure kusoshin tana kan jak. A sauke ta ta zauna a kan tayoyinta sannan a ɗaure, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna, kafin damina ta wuce ta sake tsagewa. Wanda zai shiga ƙarƙashinta ya sa mata tsayayyen ƙarfe ko gungumen itace, jak kaɗai ba abin yarda ba ne.