Wane suna ya dace da ma'aikacin da Amurkawa ke kira animal control officer?

Jama'a, musamman masu fassara da 'yan jarida, ina so mu tsayar da magana a kan sunan wannan ma'aikaci da yake yawan fitowa a labaran Amurka, domin har yanzu kowa yana kiransa da abin da ya zo masa a baki. Kafin a raɗa masa suna, sai an san abin da yake yi.

Ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, ta birni ko ta gunduma, kuma a wurare da dama ofishinsa yana ƙarƙashin 'yan sanda ko sashen lafiyar jama'a. Shi ake kira idan kare ya tsinke yana gararamba a unguwa, ya zo ya kama shi, ya kai shi wurin ajiya har mai shi ya bayyana. Idan kare ya ciji mutum, shi yake bin diddigin lamarin, ya tabbatar an killace karen kwana 10 ana lura da shi, domin idan yana ɗauke da ciwon hauka a yawunsa a ranar da ya yi cizon, alamun za su bayyana kafin kwanakin su cika. Idan maƙwabta suka kai ƙarar wani da ya bar dokinsa ba ci ba sha, ko ya kulle kare a cikin mota ana tsananin zafi, shi yake zuwa ya gani da idonsa, ya tattara hujja, ya rubuta takardar tara ko sammaci, kuma idan magana ta kai gaban alƙali ya tsaya ya ba da shaida. Kwashe mushe daga kan titi ma yakan faɗo a kansa.

Sharuɗɗan ɗaukarsa aiki su ma suna nuna irin mutumin da ake nema. Galibi ana buƙatar takardar kammala sakandare, da lasisin tuƙi, da bincike a kan tarihinsa don a tabbatar ba shi da tabon laifi, da ƙarfin jikin da zai iya ɗaga ƙaton kare. Sannan sai horo a kan dokoki da dabarun kama dabba ba tare da an ji mata ciwo ba. A jihar Texas doka ta wajabta masa horo na aƙalla awa 12 a cikin shekararsa ta farko, kuma ƙungiyarsu ta ƙasa, NACA, wadda aka kafa a 1978, tana ba da nata horon da takardar shaida. Akan kuma yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare tun kafin wani abu ya same shi. Ba a neman digirin likitancin dabbobi.

Wannan batu na ƙarshe ya isa ya kawar da “likitan dabbobi” da “malamin dabbobi”, waɗanda a wurinmu masu yi wa shanu allura ne da duba lafiyarsu. “Jami'in kula da dabbobi”, wanda ya fi yawo a rubuce-rubuce, ya yi faɗi da yawa, domin mai ba zaki nama a gidan zoo ma ya cancanci wannan suna, kuma babu abin da yake nuna ikon cin tara a cikinsa. “Mai kamun karnuka” kuwa ya yi daidai da tsohon sunan da Amurkawan suka riƙa kiransa da shi, suka kuma yi watsi da shi saboda ya ƙanƙantar da aikin har ya zama abin ba'a.

Shawarar da ta fi jan hankalina ita ce “duba-dabbobi”, a kan tsarin duba-gari. Tana da daɗin faɗa, kuma duba-gari ya yi kama da wannan ma'aikaci ƙwarai, tunda shi ma na ƙaramar hukuma ne, yana shiga gidaje, yana kuma iya kai mutum kotu. Amma “duba” idan ta haɗu da dabba, hankalin Bahaushe kan lafiya yake tafiya, sai mu koma gidan jiya, mai sauraro ya ɗauka likita ake nufi. “Ɗan sandan dabbobi” ma yana da nasa cikas, domin a jihohi da yawa ba shi da ikon kama mutum, kuma ba ya ɗaukar bindiga.

Saboda haka abin da nake gabatarwa shi ne “jami'in dokar dabbobi”. Doka ita ce ta haɗa dukkan ayyukan da na ambata, tun daga killace kare har zuwa tsayuwa a gaban alƙali, kuma sunan yana juyuwa ba tare da wahala ba: jami'ar dokar dabbobi, jami'an dokar dabbobi, sashen dokar dabbobi. A cikin labari za a iya cewa, “Jami'an dokar dabbobi sun killace karen bayan ya ciji yaro a ƙafa,” kuma babu wanda zai nemi ƙarin bayani.

Sai dai kada a ɗora sunan a kan takwaransa na Ingila, inda dokar kare muhalli ta 1990 ta ɗora wa ƙananan hukumomi naɗa wanda zai kama karnukan da suka ɓata, a ajiye su kwana 7 kafin a nema musu wani gida. Aikin wannan ya fi karkata ga karnuka, don haka “jami'in karnuka” ya wadatar da shi.