Mai ciki da tarin ƙwayoyin bitamin: a haɗa duka ko a rage?

Mazaunin Hotoro:
Assalamu alaikum. Maiɗakina tana da ciki wata biyar, kuma a wurin awo an ba ta jar ƙwayar ƙarin jini da folik asid. Da yayata ta dawo daga Umra ta kawo mata wata babbar kwalba ta bitamin iri-iri, maƙwabciyarmu kuma ta aiko da garin zogale. Yanzu duk safiya sai ta jera su a faranti ta kora da shayi mai kauri, alhali abincin kirki ba ta ci sai burodi da taliya, domin ta ce ƙanshin miya yana tayar mata da zuciya. Shin haɗa su duka yana da illa, kuma za su iya maye gurbin abincin da ba ta ci?

Tsohuwar Ungozoma:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kyauta da ka tambaya, Allah ya sauke ta lafiya. Ƙwayar awo kada ta daina, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta riƙa samun sinadarin ayon, wato na ƙarin jini, miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikurogiram 400 kowace rana, kuma da wuya tukunya kaɗai ta cika wannan. Kwalbar tsarabar ce ta fi damuna. Irin waɗannan sukan ƙunshi bitamin A, wanda jiki ba ya fitar da rararsa ta fitsari kamar bitamin C, a hanta yake tara shi, kuma idan ya yi yawa yana iya taɓa halittar jariri. Watakila ma akwai ayon a ciki, ka ga an ninka mata abu ɗaya ba tare da an sani ba. Ku ajiye ta, ranar awo ku tafi da ita a karanta abin da ke jikinta.

Sai batun shayin, wanda na sha faɗa har muryata ta dushe a ɗakin awo. Ganyen shayi yana hana hanji tsotse ayon, madarar da ake zubawa ma haka, saboda haka mace sai ta yi wata uku tana shan magani amma cikin idonta yana nan fari fat. Ta sha ƙwayar da ruwa, ta bi da lemon zaƙi ko gwaiba, shayin kuma ta jinkirta shi awa biyu. Idan bayan gidanta ya yi baƙi kada ku tsorata, aikin ƙwayar ne.

Ɗan Yankaba:
Hajiya ta gama magana a kan magani, ni kan abinci zan tsaya, tunda kayan gwari nake sayarwa. Idan ƙanshin miya ne matsalar, a gwada mata kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da tumatir, tunda da sanyinsa ake ci. Akwai dafaffen ƙwai, akwai fura da nonon da aka tafasa, akwai ɗanwake, kuma a ba ta kaɗan-kaɗan sau biyar maimakon a cika mata kwano. Gram 400 na ganye da 'ya'yan itace da ake so a rana bai fi ƙarfin wanda ya leƙa kasuwarmu ta Yankaba ko kasuwar 'Yan Lemo a nan Kano da sassafe ba.

Maman Biyu:
Ina da ƙari a kan ɗanwaken, domin kanwa idan ta yi yawa tana kashe bitamin B1 da ke cikin wake, don haka a sassauta hannu. Kuma ganyen zogale a kwaɗo daban yake da saiwa ko ɓawonsa da ake jiƙawa, waɗannan mai ciki ta nisance su. Hanta ma, duk da ana cewa tana ƙara jini, tana cike da bitamin A ɗin da Hajiya ta ambata, kada a mayar mata da ita abincin kullum.

Mazaunin Hotoro:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauke kwalbar na sa a aljihun motata, Talata za mu kai ta wurin awo. Yau da rana ta ci kwaɗon rama rabin kwano.