Wace Hausa za mu sa wa "ef" ɗin wayarin gida?

Ɗan Nima: Salamu alaikum jama'a. Ina neman kalmar Hausa ta abin nan da masu wayarin ke ce wa ef, wato earthing a Turancin Ingila da muke bi a nan Gana, 'yan Amurka kuma su ce grounding. Dalili kuwa yara da yawa a unguwa yanzu suna sayo kwamfutar tebur ta gwanjo daga Circle, wajen masu sayar da waya da kwamfuta a Accra, su kai ɗakin haya, gidajen kuma tsofaffi ne waya biyu kawai aka ja a bango, sai yaro ya taɓa bayan akwatin kwamfutar ƙafa ba takalmi ya ji tana ɗan cizonsa. Ka ce masa gidanku ba ef, ya ce to, amma bai gane komai ba, balle uwarsa da za ta fid da kuɗin aikin. Sunan da nake so shi ne wanda in an faɗa wa Hajiya mai gida za ta san abin da ake so ta kashe wa kuɗi.

Malamin Fadama: Wa alaikumus salam. Ai ba sai an je da nisa ba, wayar ƙasa. Abin da Baturen ya ce ke nan, kuma cikin ƙasar ake kai ta.

Ɗan Nima: Malam na yi tunanin wannan, amma ƙasa a Hausa ta yi yawa. Wani zai ɗauka wayar da aka binne a ƙarƙashin titi ake nufi, wani ya ce wadda ke ƙasa da sauran a jikin falwaya, har da mai cewa wayar gwamnati.

Baba mai wayarin, Maamobi: Ku bari in sa baki tunda abincina ne. Ɗana, cizon da yaran ke ji ga inda yake fitowa. Cikin akwatin wutar kwamfuta, wanda fanka ke juyawa a bayansa, akwai ƙananan kafasito masu tace wuta kuma da gangan aka jona su da jikin ƙarfen, don ɗan abin da suka tace ya bi waya ta uku ya tafi. To in wayar nan babu, sai jikin kwamfutar ya tsaya da wajen rabin wutar gida, mu wuta mai volt 230 muke sha a Gana, ka ga kusan 115 ke nan, in ka ɗora testa a kan sukurun baya za ka ga ta kawo ja. Ba ta da ƙarfi sosai shi ya sa cizo kawai take yi, sai dai tana iya ƙona bakin USB in kana jona firinta. Babban haɗarin shi ne ranar da waya mai wuta ta goge a ciki ta taɓa ƙarfe, ran nan 230 ɗin ce cur a jikin akwatin tana jiran hannun mutum, kuma fis ba zai yanke ba don wutar ba ta samu hanyar gudu ba. Saboda haka ni dai duk sunan da za ku sa, ya zama ya nuna HANYA ce. Na shiga ɗakin da aka ɗaura waya a jikin kwamfuta aka kai ta kan ƙusa a bango, wai an yi ef, wani kuma a tukunyar fulawa ya cusa ta tunda an ce ƙasa. Sunan ne ya ruɗe su.

Malamin Fadama: To Baba na janye tawa. Turke fa? Ƙarfen da kuke kafawa a bayan gida ai turke ne sak. Turken wuta.

Baba mai wayarin, Maamobi: Malam wannan ta zauna wa sandar tagullar kanta, mai ƙafa huɗu ɗin nan da ake saye a Opera Square, wajen masu kayan wuta a Accra, na yarda a ce mata turke. Amma sanda guda ba ita ce duka aikin ba. Daga turken waya mai kore da rawaya za ta tashi ta shiga akwatin bireka, daga can ta bi kowane soket ta tsaya a ramin sama, inda dogon haƙorin fulogi ke shiga. Ko wuri ɗaya ta tsinke an yi aikin banza.

Anti mai shagon buga takardu, Madina: Baba ni fa ina da sitabilaiza da UPS tun lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wutar nan, ya yi tsanani, na ɗauka su ne maganin wannan. Kuma sunan da na saba ji a gida maganin tsawa ne.

Baba mai wayarin, Maamobi: A'a 'yata. Sitabilaiza daidaita wuta take yi in ta yi sama ko ƙasa, UPS kuma ta riƙe ki in an ɗauke, babu wadda ke haifar da waya ta uku in babu ita a bango. Har ekstenshan ɗin da ake cewa yana tare wuta in ta dawo da ƙarfi, kariyarsa ba ta cika sai da wannan wayar. Ki kwance naki ki leƙa ma, masu arha da yawa rami uku ne a fuska amma igiya biyu ce a ciki. Maganin tsawa kuma daban ne, shi ne ƙarfen da ake sawa a kan hasumiyar masallaci ko dogon bene, kar a haɗa su suna ɗaya.

Ɗan Nima: To ga tawa, magudanar wuta. Duk wanda ya zauna a Nima ya san abin da ruwa ke yi in aka toshe masa magudana, ɗakin mutane yake shiga. In na ce wa Hajiya wutar gidanki ba ta da magudana, in ta ɓalle ta jikin jikanki za ta bi, ba sai na ƙara ko kalma ɗaya ba. Kuma tana ba da sauran sunayen da kanta, wayar magudana ita ce mai kore da rawaya, turke shi ne sandar, aikin kuma a ce an yi wa gida magudana.

Malamin Fadama: Ta yi daɗin faɗa. Ƙorafina ɗaya, magudana kullum ruwa na bin ta, ita kuwa wannan na ji Baba ya ce sai an samu matsala.

Ɗan Nima: Malam ai da rani ma a bushe take, ba wanda ya ce a cike ta don haka.

Baba mai wayarin, Maamobi: Ni ta yi mini, kuma da ita zan iya yi wa kwastoma bayanin abin da ya fi ba ni wahala. Mutum ya kafa turke ya ce shi ke nan, alhali ƙasa ba kullum take karɓar wuta da sauri ba, musamman da hunturu in ta bushe ƙayau. A ce an auna turken ya ba da om 50, wato awon yadda ƙasar ke tare wa wuta hanya, raba 230 da 50, amf 4.6 ne kawai zai wuce, fis ɗin fulogi kuwa na amf 13 ne, ko gezau ba zai yi ba, jikin kwamfutar na nan da wuta. Shi ya sa dole a haɗa da bireka mai jin yoyo, RCD ta miliamf 30, ita ce ke yanke wuta nan take in ta ga wani abu ya bi wata hanya. Wanda ke ɗakin haya mai gida ya ƙi a fasa bango, ko ita kaɗai ya sa a layin ɗakinsa ta rage masa haɗari ƙwarai, duk da cizon ba zai daina ba. Gawayi da gishiri da ake zubawa a ramin turken suna taimakawa da farko, amma gishiri na cin ƙarfe, a riƙa dubawa. Abu biyu kuma don Allah kar a yi. Kar a ɗaura a bututun famfo, yawancinsu roba ne yanzu, in ma na ƙarfe ne kana iya aika wa mai wanka wuta. Na biyu shi ne dabarar nan ta ɗauko guntun waya a haɗa ramin sama da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a bayan soket, testa za ta nuna lafiya lau, amma ran da nutural ta tsinke a falwaya ko wani ya juya wayoyin a mita, jikin kwamfutar gaba ɗaya ya zama wuta. A nemi mai takardar Energy Commission, hukumar makamashi ta Gana, dokar wayarin ta 2011 ma su ta yarda su yi aikin, kuma ya zo da na'urar awo, ba testa kaɗai ba.

Anti mai shagon buga takardu, Madina: Allah ya saka da alheri Baba. Laftof ɗina fa, cajarta haƙori biyu ce, ita ma sai an yi mata magudanar?

Baba mai wayarin, Maamobi: Duba jikin cajar, in kin ga alamar ƙaramin murabba'i a cikin babba to rufi biyu aka yi mata, ba ta bukata. Na tebur ɗin da injin fotokofi su ne abin ji.

Malamin Fadama: To an tsaya a kan magudanar wuta, da wayar magudana, da turke. Saura RCD ɗin nan, Baba ya ce bireka mai jin yoyo, ni ban ga abin gyarawa a ciki ba sai in wani yana da wadda ta fi gajarta.

Ɗan Nima: A bar ta haka Malam. Baba in kana da sarari ran Asabar bayan la'asar akwai gida a bayan kasuwar Nima, ɗaki shida mita ɗaya, ka taho da na'urar awon.