Koyon fiyano da girma: shawarwarin 'yan Jidda

Wani ɗan'uwanmu direba a Jidda, da ya fara koyon fiyano bayan ya haura arba'in, ya koka a wani zama da muka yi cewa hannunsa na hagu ya ƙi bin na dama. Shawarar da ta fi rinjaye a zaman ita ce ya raba hannuwan, kowanne ya iya nasa, sannan ya haɗa su sannu a hankali da na'urar ƙidayar bugu. Inda yake tuntuɓe, nan zai tsaya ya yi ta maimaitawa, ya daina komawa farkon waƙa kullum. Minti 20 kowace rana ya fi awa uku ranar Juma'a kaɗai.

An ɗan ja kan abin kiɗan. Wasu sun ce ƙaramin mai maɓalli 61 ya isa. Ni dai ina bayan masu cewa ya nemi mai 88, mai nauyin dannawa, don yatsu su yi ƙarfi. Batun damun maƙwabta da ƙara kuwa, abin sawa a kunne ya raba gardama.

Wani Basudane ya ce direban ya gwada baƙaƙen maɓallan zalla: sautuka biyar suke bayarwa, irin waɗanda yawancin waƙoƙin Sudan ke tafiya a kai, kunnensa ba zai ji baƙunta ba.