Kwantar da ɗan riƙo a asibitin ƙwaƙwalwa: abin da aka tattauna

Ranar Asabar mun zauna da wasu mariƙa yara a unguwarmu a cikin birnin Kano, har da wata ma'aikaciyar jinya da wani lauya, kan tambaya guda: idan ɗan riƙo ya samu taɓin hankali, wa ke da ikon sa hannu a kwantar da shi?

Nan aka fi daɗewa. Riƙon da muke yi yawanci na baka ne, 'yar yayarka ko maraya, ba takarda. Lauyan ya ce tun yaro na lafiya a nemi shaidar riƙo daga kotu ko ma'aikatar mata, domin asibiti zai tambayi matsayinka. Idan iyaye na raye, a sanar da su kafin a kwantar, ko da dangantaka ta yi tsami. Wata Hajiya ta ce wannan ne mafi wuya, kuma gaskiyarta.

Lauyan ya tuna mana cewa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma Kano ta samu dokar kare yara a shekarar 2023.

Ma'aikaciyar jinyar ta ce a fara zuwa wurin likita, a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano, kada a kai yaro gidan mari. A tambayi ko za a raba shi da manya, yaushe za a sake duba shi, a riƙe kwafin duk takardar da aka sa wa hannu.