Neman shawara: Fijo 504 ta marigayi Baba, shekara 11 tana ajiye a Aboabo, Kumasi

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Fijo 504 doguwar nan mai layin kujera uku. Da ita ya yi ta jigilar fasinja tsakanin Kumasi da Tamale, har ciwon ƙafa ya raba shi da tuƙi. Shekara 11 ke nan tana tsakar gida a gindin mangwaro, tayoyin duk sun kwanta, kaji sun mai da kujerar baya akurki. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya taya, Mama ta ce ko kusa. Ni tela ne, amma ina so in tada ta a gida da hannuna, kaɗan-kaɗan, har ta koma titi. Na ari batir, ranar Asabar zan zuba fetur in murza makulli in ji ko za ta amsa, daga nan in kira mai fenti. Me kuka gani?

Tsohon Fita, Suame: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Ɗana, mayar da batir ɗin nan ga mai shi tukuna. Injin da ya yi shekara 11 bai juya ba, baƙin man da ke samansa ya daɗe da tsiyayewa ƙasa, kuma mai yiwuwa ringin fistin ya kama da tsatsa. Kana murza makulli, ko dai ringin ya karye ko ya karce cikin silinda, ka jawo wa kanka aikin da babu shi da farko.

Cire fulogi huɗun, ka ɗiga baƙin mai kamar cokali biyu a kowane rami, ka ba shi kwana uku ko huɗu. Sai ka sa giya a firi, ka kama babban notin da ke gaban inji da sifana, ka juya a hankali. In ya zagaya, alhamdu lillahi. In ya cije, kar ka sa ƙarfi, ƙara mai ka ƙara haƙuri. Fetur ɗin da ya kwana a tanki kuwa ya zama kamar ƙaro. Sai an sauke tankin an wanke, an kwance kafireta an busa hanyoyinta.

Abu ɗaya kuma da yaran yanzu ba su sani ba game da 504: hannun rigar silindarta ba haɗe yake da jikin inji ba, zaunar da shi aka yi, ruwa na zagaye shi. In ta kai ga cire kan inji, kar kowa ya juya injin sai an danne su. Suna motsawa ruwa zai fara haɗuwa da mai. Na ga wannan ɓarna a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, ba sau ɗaya ba.

Hajiya daga Nima: Ƙanena, ni ban san fulogi ba, amma na san gado. Ku nawa ne? An raba, ko motar tana nan da sunan kowa? Yau da take ɗauke da kashin kaji babu mai kallonta. Ranar da ta sha fenti ta fito tana sheƙi, za ka ji wani yana cewa ai ta Babanmu ce mu duka. Ku zauna gaban Mama da malami, a yi mata kuɗi yadda take yanzu, a rubuta, kowa ya sa hannu. Kafin ka kashe sidi ɗaya.

Direban Tafo: Maganar Hajiya dutse ce. Ka kuma nemo takardun motar, don DVLA, hukumar rajistar motoci, ba za su juya ta zuwa sunanka da baki kawai ba, tunda mai ita ya rasu za su nemi takardar gado ta kotu. Duba lambar shasi ka ga ko tana karantuwa, ta kuma yi daidai da ta takarda. Ba takardar rodiwodi ta shaidar lafiyar mota da inshora, ko shataletalen Aboabo ba za ka wuce lafiya ba.

Fenti kuma bar shi can ƙarshe. Masu gwaji birki suke dubawa, da fitilu, da sitiyari, da taya. Man birki yana shan danshi, robobin ciki sun gama ruɓewa, canza su gaba ɗaya har da tiyo. Tayoyin nan ko sun ɗauki iska ba su da amfani. In za ka sayi wasu, duba lambobi huɗun da ke gefe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi tayar. Ɗaga kafet ka caka sukundireba a ƙasan motar da gindin batir, damina 11 a Kumasi ba wasa ba ce.

Matashin Asawase: Yaya, gaskiya a wurina wahala ce kawai. Sa mata injin Toyota ka huta.

Tsohon Fita, Suame: Yaro, in aka cire mata injinta me ya rage na Baban nasa? Tun 1968 Faransawa suka fito da motar nan, aka yi ta harhaɗa ta a Kaduna shekara da shekaru, shi ya sa kayanta ba su yanke ba. Abin da ya gagara a Suame a tambaya a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, ko a aika Najeriya. Ka riƙa zuwa kasuwa da tsohon kayan a hannu, a gwada a gabanka.

Ɗan Aboabo: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na mayar da batir. Mu bakwai ne, kuma gaskiya ba a taɓa maganar motar ba, Mama ta ce a taru Juma'a bayan masallaci. Takardun na same su cikin adakar Baba, ƙunshe a leda tare da lasinsa. Baba Fita, fulogi uku sun fito salin-alin, na huɗun na can kusa da gilashi ya ƙi motsi. In bar shi da mai ya kwana, ko in ɗan ɗumama injin?

Tsohon Fita, Suame: Kar ka kai wuta kusa da ita. Kan injin alminiyom ne, zaren cikinsa ba ya jure dole. Jiƙa shi ka bari. Lahadi in Allah ya kai mu zan biyo da sifanata, ka ce wa Mama a ajiye min koko.